Gwaggo Ta Tashi

Onitsha, 14 ga Afrilu

Sama'ila,

Assalamu alaikum. Ina fata takardata ta same ka lafiya, kai da Haulatu da 'yarku Madina. Ni lafiya nake, ban da hawan jini, kuma ka san mai hawar da shi. A gaishe min da Gwaggo Nana, a kunnenta na dama, wanda har yanzu yake ji.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Daga ƙaramar Sallah zuwa yau na kira ka sau goma sha ɗaya. Wayarka tana amsa kiran kowa a Daura, da ta ga lambata sai ta suma. Takarda ba ta suma. Ndubuisi mai shagon kayan babur a bakin tashar Daura yana da motar da ke zuwa nan ɗaukar kaya duk sati biyu. Na roƙe shi ya miƙa maka wannan hannu da hannu, ya tsaya a kanka har ka kai ƙarshe. Ya ce ko salla kake zai jira ka sallame.

Maganar soron Gwaggo ce. Bara da na zo hutu na ɗauki tsinken tsintsiya na soka a jikin azarar da ke saitin gadonta, ya shige kamar a tuwo. Gara ta cinye cikin itacen, fatar kawai ta bar mana. Bangon gabas ya tsage, a lokacin yatsana ɗaya ke shiga. Indararon baya ya toshe, ruwa na kwanciya a bisa rufin. Duk a gabanka na nuna, ka ce, "Yaya, an gama." Ga ɗakin kwano da muka gina mata shekara biyu ke nan, buhunan geronka ne ke shan iska a ciki.

Ka ce bayan girbi. Aka yi girbi. Ka ce a bari sanyi ya wuce kada mura ta kama ta. Sanyi ya wuce. Ka ce ba a tayar da tsohuwa cikin azumi. Mun sha ruwa, mun ci tuwon Sallah. Yanzu wane wata ka tanadar min?

Aiki biyu ne kawai. Ka fito da ita, sannan ka sa Amadu magini ya sauke rufin. Na biyun wuni ɗaya ne. Na farkon minti goma ne na ɓacin rai: za ta yi faɗa, za ta ce a banza ta goya ka, wataƙila ta yi kuka. Minti goman nan kake gudu tun bara. Na san ita ta raine mu bayan rasuwar Inna, ni ma bayanta na hau. Amma ƙasar da ke bisa kanta ta fi motar Ndubuisi nauyi, kuma ƙasa ba ta san goyo ba.

Nan ruwa ya sauka tun watan jiya. Duk sanda na ji shi a kwanon makaranta ina tsakiyar darasi, sai in manta abin da nake faɗa wa 'yan mata. Yana tafe wajenku, Sama'ila, sati shida ko bakwai. Ba ya karɓar uzuri.

Yayarka,
Adawiyya


Daura, 27 ga Afrilu

Yaya Adawiyya,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso. Ndubuisi ya cika alkawari, a majalisa ya same ni cikin mutane, ya tsaya a kaina yana cewa, "Oga Sama'ila, karanta, Malama ta ce har ƙarshe." Yanzu duk unguwa ta san ana yi min faɗa daga Kudu.

Muna lafiya, sai Gwaggo da zazzaɓi ya kwantar yau kwana biyar. An duba ta, an ba ta magani, amma ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Kin ga ai ba yanzu ne lokacin wannan magana ba.

Batun waya kuwa, hanyar Sandamu ce. Kullum ina bisa babur tsakanin ofis da gonakin mutane, ana rabon iri.

Ba zama na yi haka kawai ba, Yaya. Na kawo Amadu ya duba. Ya daɗe yana kallon rufin, sai da ya fito tsakar gida sannan ya yi magana. Ya ce shi ba zai hau ba sai an kwashe komai da kowa. Kafin nan ya sare gwafa ta darbejiya ya tokare azarar da ke saitin gadon. Tsagewar bangon yanzu hannun Madina yana shiga. Haulatu ta ce kullum da safe tana kakkaɓe wata ƙasa mai laushi daga bargon Gwaggo, kamar an barbaɗa gari.

Kafin ta kwanta na gwada taɓa mata zancen. Ta ce "mutumin nan" ne ya yaɓe soron da hannunsa kafin ya tafi, ya kuma ce kada kowa ya taɓa, in ya dawo shi zai rushe ya gina mata na bulo. Kin san Kalilu take nufi, ba ta kama sunan ɗan fari. Kin kuma san abin da ya sa bakina ya mutu a nan.

In Allah ya yarda, bayan babbar Sallah.

Ƙanenki,
Sama'ila


Onitsha, 9 ga Mayu

Sama'ila,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne. Ina gaida Haulatu da jinya.

Gwafa. Shekara huɗu ka yi a makarantar aikin gona, abin da ka samo mana ke nan, gwafa. Da ka ƙara da laya ka rataya mata a wuya.

Ka sake karanta takardar da ka rubuto da hannunka. Mutumin da sana'arsa hawan rufi ce ya ƙi buɗe baki a ƙarƙashin wannan rufin, sai da ya ga sama a bisa kansa. Kai kuma ka bar wadda ta goya ka kwance a wurin, ba ta ma iya tashi ta gudu. Garin da Haulatu ke kakkaɓewa ba ƙura ba ce. Cikin azara ne. Rufin ne yake saukowa cokali cokali, yana gwada hanya.

Zazzaɓin da kake fakewa da shi ma dama ce, da kana da ido. Mara lafiya ba ta da ƙarfin musu. Ku ɗauke ta kai da Haulatu, ku ce mai magani ya ce a kwantar da ita inda iska ke shiga. In ta warke ta tarar da kanta a ɗakin kwano, ta zage ka. Zagi ba ya karya ƙashi.

Babbar Sallah tsakiyar Yuni take. Kai ne malamin gona, kai ke gaya wa mutanen Sandamu ranar da za su yi shuka. Ka san abin da ke saukowa a tsakiyar Yuni.

Zancen Kalilu daban ne. Na ce ni zan yi, zan kuma yi a lokacinsa. Kada ka haɗa min biyu.

Layi ɗaya nake so daga gare ka, ba labarin rabon iri ba. In motar gaba ta zo ba ka rubuto min cewa Gwaggo ta tashi daga ɗakin nan ba, zan nemi izini a makaranta in zo da kaina farkon Yuni, in yi maka a gaban majalisarku abin da rabon da in yi maka tun kana aji uku.

Adawiyya


Daura, 22 ga Mayu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Gwaggo ta tashi jiya Talata, alhamdu lillahi. Hankalinki ya kwanta, ba sai kin bar ɗalibanki ana gab da jarrabawa ba. Mota za ta tashi, a gaggauce na rubuta.

Sama'ila


Onitsha, 3 ga Yuni

Ƙanena Sama'ila,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni dai tun da na karanta layinka jinina ya sauka ba tare da ƙwaya ba. A ɗakin malamai na buɗe takardar, na yi hamdala da ƙarfi har abokiyar aikina ta tambaya ko haihuwa aka yi.

Ka ga? Sama ba ta faɗo ba. Na yi maka kalamai masu kaifi, ba zan janye su ba don su suka yi aiki, amma Allah ya yi maka albarka. Na fasa neman izinin, sai hutun Agusta.

Ga labule mai furanni da ledar shimfiɗa a cikin ƙunshin nan, na sabon ɗakin ne. A rataya mata labulen a tagar yamma, rana na dukan wurin da la'asar. Ka rubuto min yadda ta ɗauki abin, da zagin da ka sha, kada ka rage ko ɗaya. Ka kuma sa Amadu ya sauke rufin cikin satin nan, kada Madina ta shiga wasa.

Yayarka,
Adawiyya


Daura, 6 ga Yuli

Yaya Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ni ce Haulatu. Ina gaishe ki da aiki, Madina ma tana gaishe ki. Baban Madina bai san na rubuto ba, ki rufa min asiri in za ki iya.

Saƙonki bai iso ba sai shekaranjiya, motar ta lalace a Lokoja ta yi sati huɗu. Ni na buɗe ƙunshin. Da na ga labule na tambayi Baban Madina na wane ɗaki ne, sai ya sa takalmi ya fita. Shi ne na karanta takardarki.

Yaya, Gwaggo tana cikin soro. Daga zazzaɓi ta tashi, ba daga ɗaki ba. Ranar Talatar da ya rubuto miki ta miƙe da ƙafarta ta yi alwala a tsakar gida, ta koma gadonta.

An yi ruwa sau huɗu, na ƙarshen mai ƙarfi. Kwano uku nake jerawa a ƙasa don yoyo, ruwan da ke ɗigowa ja ne kamar kunun kanwa. Gwafar nan ta nutse cikin daɓe kusan taƙi guda, Amadu ya zo ya sa dutse a ƙarƙashinta, ya ce daga yau ko da kuɗi ba zai ƙara shiga ba. Ta tsagewar bango yanzu ina hango maƙwabta. Da rana tsaka, ba iska ba komai, sai ki ji rufin ya yi ƙas, ya yi shiru, ya sake yin ƙas. Gwaggo ba ta ji.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kyanwarta. Kin san shekara nawa tana kwanciya a ƙafafun Gwaggo. Yau kwana tara ba ta shiga ɗakin ba. Takan zo bakin ƙofa ta zauna tana kuka, ko kifi Gwaggo ta miƙo mata ba ta tsallaka dokin ƙofa.

Na hana Madina shiga. Ni ke kai abinci, da addu'a nake shiga, da addu'a nake fita. Baban Madina ya rame, in hadari ya haɗu sai ya tsaya tsakar gida yana kallon soron har ya wuce. Ki yi wani abu, Yaya, don Allah.

Ƙanwarki,
Haulatu


Onitsha, 17 ga Yuli

Sama'ila,

Sallama haƙƙin Musulmi ce, don haka assalamu alaikum. Lafiyarka ban tambaya ba. A gaida Haulatu, kuma in na ji ka ɗaga mata murya a kan ta faɗi gaskiya, da ni za ka yi.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da Hausa, ban taɓa zaton ƙanena ne zai yi min jarrabawa a kan kalma ɗaya in faɗi ba. Ta tashi. Mara lafiya na tashi, mai ƙaura na tashi, kasuwa na tashi, tsuntsu ma na tashi. Ka zauna ka tsinto kalmar da za ka iya rantsuwa a kanta ba tare da kaffara ba. Ban san kana da wannan basira ba. Da rabinta ka kashe a kan soron, da tuni Amadu ya buga bulo da ƙasarsa.

Sati takwas ka saya da kalmar nan. Sati takwas na damina. Ni kuma, uwar wayo, na shiga kasuwa ina taya labule mai furanni, ina zaɓen kalar da za ta dace da idon Gwaggo.

Kyanwa ta gane. Amadu ya gane. Madina mai shekara shida an gane mata. Kai kana tsaye tsakar gida kana kallon hadari, kamar kallo ne zai riƙe azara.

Ka ji ni da kyau. In rufin nan ya sauko a kanta, masu gaisuwa za su zo su ce ƙaddara, ka ce haka Allah ya so, su shafa fatiha su tafi. Ni ba za ka faɗa min wannan ba. Takardunka suna nan a ajiye da kwanan watansu, zan riƙa karanta maka su duk shekara har ɗayanmu ya mutu.

Ranar da wannan ta isa hannunka, ranar za ka fito da ita. Ko a kafaɗa.

Adawiyya


Daura, 25 ga Yuli

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, har yanzu soron na tsaye.

Na karɓi laifina. Da gangan na rubuta kalmar, tsoron zuwanki ya sa, kuma tun ranar ban ji daɗin abinci ba. Haulatu ta yi daidai.

Jiya Laraba da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, na shiga na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki fito." Ta ce, "In mutumin nan ya dawo ya tarar an rushe aikin hannunsa, me zan ce masa? Alkawari na yi." Na ce to zan ɗauke ki. Ta dube ni ta ce, "Ka taɓa ni, ban yafe goyona ba." Na fito. Hadarin ya watse bai zubar ba.

Yanzu ki saurare ni sau ɗaya, ko da ba ki saba ba.

Shekara uku da suka wuce kina nan hutu, Abdulbaƙi na Mashi ya yi sallama, ke kika fita zaure. Ya gaya miki ramin zinariya ya rufta da Kalilu a can arewacin Nijar, da shi aka tono shi, da shi aka binne shi. Ya ba ki hularsa. Kika roƙe shi ya yi shiru, ya koma bakin aikinsa. Kika kira ni kika sa na rantse ba zan faɗa ba, kika ce zuciyar Gwaggo ba ta da ƙarfi, ke za ki gaya mata a hankali kafin ki koma. Kika koma. Kika ce da babbar Sallah. Kika ce hutun ƙarshen shekara. Bara kin yi sati uku a gidan nan, kin sami lokacin soka tsinke a azara da auna bango da yatsa, ba ki sami minti goma ba. Kin ƙirga min uzurina ɗaya bayan ɗaya. Ni ban ƙirga naki ba, don ke yayata ce.

Duk Juma'a Gwaggo na ba ni ƙullin goro in kai masallaci a roƙa Allah ya dawo da shi lafiya. Ina karɓa, ina kaiwa. Addu'ar mamaci kuwa a ɓoye nake yi masa kamar ɓarawo.

Ba taurin kai ke riƙe da ita a ɗakin nan ba, jira take. Kika ce kada in haɗa miki biyu. Yaya, abu ɗaya ne tun farko. Ko ki warware min rantsuwata, ko ki faɗa da kanki. Ƙasa ta riga ta sha ruwa, kuma Agusta ce ke tafe.

Ƙanenki,
Sama'ila


Onitsha, 1 ga Agusta

Sama'ila,

Assalamu alaikum. Allah ya sa wannan ta same ku kamar yadda taka ta baro ku.

Na rubuta maka amsa shafi huɗu mai zafi. Na karanta ta, babu ƙarya a ciki, babu kuma amsa. Na yaga.

Hular tana ƙasan akwatina. Shekara uku duk sanda zan ɗauki zane sai in kau da ido. An tsare mu da makin jarrabawa har goma ga wata, kuma in na ce sai na zo, yanzu na san kaina: zan zo, in ga fuskar Gwaggo, in ce gobe. Don haka na rubuta mata. Da ajami na yi, ita ta koya min, za ta karanta da idonta ba mai tsayawa tsakani. Ban jira motar kaya ba, direban motar fasinja ta Kano na ba, Ndubuisi zai sa a karɓo. Ka ba ta da rana, bayan ta ci abinci, Haulatu na kusa. Rantsuwarka ta warware. Ga abin da na rubuta, da boko, don ka sani.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Adawiyya ce, ina durƙusawa ina gaishe ki. Yaya ƙarfin jiki?

Gwaggo, ki yi salati kafin ki ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Yaya Kalilu rasuwa. A wurin haƙar zinariya ne, a ƙasar Nijar, rami ya rufta da shi da hantsi yana bakin aiki. Abokansa sun fito da shi, sun yi masa wanka da salla, sun binne shi a ranar. Wanda ya kawo labarin ya ce da alwalarsa ya shiga ramin. Ga hular da kika ɗinka masa.

Ba jiya ba ne, Gwaggo. Shekara uku ke nan. Ni aka gaya wa, ni na ɓoye, ni na ɗaure bakin Sama'ila da rantsuwa. Na ce don zuciyarki na yi. Da farko wataƙila haka ne. Daga baya don kaina ne: ban so in zama wadda za ta faɗa ba, kuma kowace rana da ta wuce faɗar na ƙara nauyi. Na bar ki kina aika goro a roƙa wa mamaci dawowa. Na hana ki kukan ɗanki, na hana shi addu'arki. Ba ni da hujja.

Ba zai zo ya gina miki na bulo ba. Alkawarin da kika yi masa ya sauka daga wuyanki. Ƙasa ta faɗo wa ɗaya daga cikinmu, kada ki bari ta faɗo wa na biyu. Ki fito daga soron nan, Gwaggo, ko da ba za ki ƙara kallona ba.

'Yarki,
Adawiyya


Daura, 9 ga Agusta

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ki fara da wannan: Gwaggo tana raye, tana cikin ɗakin kwano, zaune a kan ledarki, ƙarƙashin labulenki. Na duba kowace kalma kafin in rubuta.

Ranar Litinin bayan azahar na ba ta. Ta matso bakin ƙofa don haske, ta bi layi layi da yatsa, sau biyu. Ta ɗauki hular ta juya cikinta ta duba ɗinkin. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai ma ka sani?" Na ce na sani. Ta koma ciki ta hau gado ta juya wa ƙofa baya.

Gabas ta yi baƙi tun kafin la'asar, iska ta tsaya cak. Na zauna a waje ina jin rufin yana ƙas, ƙas. Haulatu ta rungume Madina a zaure. Sai na ga ba zan iya ƙara tsayawa kallo ba. Na shiga na zauna a ƙasa jikin gwafar, na ɗaga murya a kunnenta na dama na ce, "Gwaggo, ba zan taɓa ki ba. Amma in zai sauko, da mu biyu zai sauko." Ƙasa na zubo min a wuya. Ban san tsawon zaman da muka yi ba.

Sai ta ce, "Kalilu."

Yaya, shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake faɗa, a hankali, kamar tana ɗanɗana shi. Sannan ta ce, "Tashi ka ɗauko tabarma. Mutane za su zo gaisuwa, ba za a shigo da su nan ba." Da ƙafarta ta fita, hular kawai ta ɗauka da carbinta. Muna shiga ɗakin kwano ruwa ya tsuge.

Washegari da hantsi Amadu ya zo. Bai shiga ba. Daga bakin ƙofa ya zarga wa gwafar igiya, muka ja da baya, muka fizga. Ko fartanya ba a ɗaga ba. Rufin gaba ɗaya ya sauko lokaci guda, ƙarar har bakin tasha aka ji. Da ƙura ta lafa muka leƙa, gadon ƙarfen nan ya naɗe kamar tabarma. Gwafar da kika yi wa dariya ita kaɗai ke riƙe da shi.

An yi addu'ar uku jiya. Mutane sun zo daga Mashi da Mai'adua, liman ya yi wa Kalilu addu'a da sunansa a bainar jama'a. Ndubuisi ya rufe shago ya zo shi da matarsa Clementina, ya ce shi ma ai ɗan gida ne, a hannunsa aka yi duk faɗan.

Da aka watse Haulatu ta zo naɗe tabarmar makoki, Gwaggo ta dafe ta. Ta ba ni saƙo in rubuta miki yadda ta faɗa. Ta ce hannunki ya lalace, kin manta ɗigo a wuri uku. Ta ce ita ba ta goya takarda ba. Wadda ta goya ta zo ta durƙusa a gabanta ta faɗa da baki. Ta ce makoki ba zai tashi ba sai kin zo.

Na tambaye ta ko ta yafe miki. Ba ta amsa ba. Ban sani ba ko a kunnen hagu na tsaya.

Ƙanenki,
Sama'ila


Onitsha, 13 ga Agusta

Sama'ila,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Ka gaida Amadu, ka ajiye min gwafar, kada a yi itace da ita.

Motar kaya za ta riga ni da wuni ɗaya. Kada ka zo tarye na, kada kuma ka shiga tare da ni. Ka dai gaya wa Haulatu ta bar min wuri a tabarmar, ta hannun dama.

Na taso. Wannan ma'anarta ɗaya ce.

Adawiyya